Ƙaramin ƙarfen da aka cire daga injin motata

Mun bar unguwar Aboabo ta Kumasi, a ƙasar Gana, da misalin ƙarfe tara na dare a cikin watan Janairu, ni da kawuna, da huhunan goro a bayan a-kori-kurata, muna fatan isa Bolgatanga da hantsi. Goro ba ya son rana, shi ya sa tun ina yaro na ga iyayenmu suna zaɓar tafiyar dare idan za su kai shi arewa, kuma da na fara tuƙa kayan da kaina ban sauya wannan tsari ba. Motar tsohuwar Hilux ce mai injin dizal lita 2.4, wanda makanikai ke kira 2L, an shigo da ita daga Turai ta tashar jirgin ruwan Tema shekaru da yawa kafin ta zo hannuna. Har muka wuce Techiman ba mu ji wani sanyi na a zo a gani ba, amma da muka bar Kintampo a baya, kurmi ya ƙare muka shiga fili, sai iskar hunturu ta fara shigowa ta kowace kafa ta ƙofa. Kafin mu kai gadar Buipe kawu ya naɗe kansa da rawani, ya ja mayafi har haɓa, sannan ya ce da ni a hankali, “Ɗana, motar nan da ta fito daga ƙasar sanyi, ba ta da abin ɗumama ciki ne?”

Na murɗa maɓallin zuwa ɓangaren ja, na kunna fankar cikin gida, sai iska mai sanyi ta buso mana a ƙafafu. Na duba allurar zafin inji, na tarar da ita kwance a ƙasa kamar yanzu aka tayar da motar, alhali mun shafe fiye da awa biyar muna gudu da kaya. Dattijon bai ƙara magana ba, ya dai dunƙule a kujera yana tari jefi-jefi har muka tsaya sallar asuba a Tamale, kuma wannan shirun nasa ya tsaya mini a rai fiye da yadda faɗa zai tsaya. Washegari da sassafe a Bolgatanga, bayan motar ta kwana a waje, sai da na murɗa makulli sau huɗu kafin ta kama, kuma da ta kama sai ta yi ta karkarwa tana fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai har tsawon wasu mintoci.

Abin da ya jawo haka ya faru ne wata takwas kafin tafiyar. A lokacin zafi motar ta tafasa mini a cunkoson kasuwar Kejetia ta Kumasi, na kai ta wurin wani makaniki, wanda mu a nan muke kira fita, ya buɗe mahaɗar babban tiyon lagireto ya zaro wani ƙarfe mai sifirin da bai kai tafin hannu ba, ya nuna mini shi ya ce wannan na Turawa ne, an sa shi ne saboda dusar ƙanƙara, a ƙasarmu ba abin da yake yi sai toshe wa ruwa hanya. Ya jefa shi cikin tarkace, ya ɗaure tiyo, na biya na tafi, allura kuwa ta daina hawa, ni ma hankalina ya kwanta. Wannan ƙarfen shi ne tamostat, wanda ke buɗe wa ruwan inji hanyar lagireto ko ya rufe ta gwargwadon zafinsa, kuma na yi imani rabin masu tsofaffin motoci da za su karanta wannan rubutu an taɓa gaya musu irin maganar da aka gaya mini.

Wanda ya fara warware mini lamarin ƙanena ne, wanda yake aikin gine-gine a Edmantan da ke lardin Albata a Kanada, yana kuma tuƙa a-kori-kurar Ram mai injin Cummins lita 6.7. Da na ba shi labarin tafiyar ta waya sai ya ce, “Yaya, zafin da kuka zubar a banza shi nake saye da kuɗina kowace safiya tun daga Nuwamba har Maris.” Daga nan ya kwashe kusan awa guda yana bayyana mini yadda ake fama da injin dizal a inda sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifiri, kuma a cikin bayaninsa ne na gane motata.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na injin fetur. Iska kawai yake zuƙa, fistin ya matse ta cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ta feso mai a cikinta ya kama da kansa. A kan wannan dabara Rudolf Diesel ya gina injinsa da ya yi aiki a Augsburg ta Jamus a 1897, kuma har yau ba ta sauya ba. Ma'anarta ita ce wutar injin dizal ta dogara kacokan ga zafi. Idan bangon silinda da kan inji sun yi sanyi, suna tsotse zafin iskar da aka matse kafin mai ya iso, man ya fita ta salansa bai ƙone ba, shi ne farin hayaƙin da na gani a Bolgatanga. Don haka ne ake sa wa injuna irin nawa fulogin hita, ƙarfe siriri a kowace silinda da wutar batir ke gasa shi har ya yi ja, zafinsa ya kai wajen digiri 900, domin man farko ya sami abin da zai kama a jikinsa. Injin 2L yana fesa mai ne a cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke kan inji, wanda bangonsa ke shan zafi da yawa, saboda haka ya fi sababbin injuna buƙatar fulogin hita ko da a sanyin da bai wuce na hunturunmu ba. Motar ƙanena kuwa ba ta da fulogi ko ɗaya, raga ce ta lantarki a bakin mashigar iska take ɗumama iskar kafin ta shiga. A duka biyun dokar ɗaya ce: ka murɗa makulli zuwa matakin farko, ka jira fitilar da ke dashbod ta mutu, sannan ka tayar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a bayaninsa shi ne cewa barin mota tana silo ba ya ɗumama injin dizal yadda muke zato. Injin dizal ya fi na fetur iya juya mai zuwa ƙarfi, don haka zafin da yake zubarwa cikin ruwa kaɗan ne, kuma a silo man da yake sha ɗan ƙanƙani ne alhali iskar da ke ratsa shi tana nan da yawa, tana kwashe ɗan zafin da aka samu tana fita da shi. Ya ce a ranar da sanyi ya tsananta yana iya barin motar rabin awa tana silo allura ba ta motsa ba, kuma idan ya kunna hitar cikin gida da ƙarfi sai ma ta ƙara sanyaya injin, domin hitar daga ruwan injin take ɗibar zafinta. Dogon silo a kan inji mai sanyi yana da nasa lahani: man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara cikin kwandon mai ya tsinka shi, baƙin toka yana taruwa a nozul da bawul, kuma a sababbin motoci matatar hayaƙin da ke cikin salansa tana toshewa. Abin da yake yi shi ne ya bar injin ya yi minti uku zuwa biyar baƙin mai ya zagaya, sannan ya kama hanya a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba, saboda aiki ne ke ɗumama injin dizal. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a tashoshinmu na Kumasi kowa ya saba ganin direba ya tayar da mota tun asuba ya bar ta tana kaɗawa awa guda wai tana yin ɗumi.

Sauran abubuwan da ya lissafa na ƙasarsu ne, amma sun cancanci a sani, musamman da yake motocinsu ne ke ƙarewa a hannunmu. Tun da Gana ta koma tuƙi a hannun dama a 1974, motocin da suka dace da titunanmu su ne na Turai da Amurka da Kanada, kuma da yawa suna zuwa da wata igiyar lantarki mai kan soket tana reto a gaban lagireto, wadda na sha ganin yara a gareji suna tambayar amfaninta. Igiyar ta hitar jikin inji ce, wani ƙarfe mai kama da na butar lantarki da aka dasa cikin hanyar ruwan inji, ƙarfinsa daga wat 400 zuwa 1500 gwargwadon girman injin. A Edmantan wuraren ajiye motoci da yawa suna da soket a gaban kowane gurbi saboda ita. Ƙanena yana haɗa tasa da agogon da ke kunna wuta awa uku kafin ya fito, domin bayan awa uku zuwa huɗu ruwan ba ya ƙara wani zafi, sai dai kuɗin wuta ya ƙaru. Ina roƙon duk wanda ya sayi motar Amurka ko Kanada kada ya gwada cusa wannan igiya a soket ɗin gidansa, domin an yi ta ne don bolt 120, wutarmu kuwa bolt 230 ce, wanda zai sa ta ja ƙarfin da ya kusa ninki huɗu na abin da aka ƙera ta da shi, ta ƙone, wataƙila ma ta tayar da gobara.

Shi kansa man dizal yana barci a can, kamar yadda man gyaɗa da man kaɗanya ke barci a kwalba idan hunturu ya kankama. Akwai kaki narkakke a cikin dizal, kuma da zarar sanyi ya gangara ƙasa da sifiri sai kakin ya fara fitowa, man ya yi hazo, ƙwayoyin kakin su toshe filta, mota ta mutu a tsakiyar hanya da tanki cike. Saboda haka gidajen mai na can suke sauya mai idan sanyi ya gabato, su gauraya shi da mai mara nauyi mai kama da kananzir, wanda ke jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Batir ma yana raguwa sosai, shi ya sa ake auna ƙarfin tayarwarsa a digiri 18 ƙasa da sifiri na tsawon daƙiƙa 30, kuma sakamakon wannan awo ne adadin da muke gani a jikin batir muna saye ba tare da mun san inda ya samo asali ba. Baƙin mai 15W-40 da muke zubawa a nan duk shekara yana yin kauri kamar zuma a sanyinsu, don haka suke komawa 5W-40 ko 0W-40. Suna rufe gaban mota da wata riga ta musamman domin rage iskar da ke dukan lagireto, masu hali kuma suna sa ƙaramar hita mai ƙona dizal, irin ta Webasto ko Eberspächer, wadda ke ɗumama ruwan inji da cikin mota tun ba a tayar da injin ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muke buƙata a Gana, inda sanyin asubar hunturu ko a arewa bai taɓa kusantar daskarar da ruwa ba, kuma wanda ya rufe gaban lagiretonsa da kwali a hanyar Tamale zai tafasa injinsa kafin azahar.

Amma da ya gama lissafin sai ya ce duk waɗannan dabaru taimako ne kawai, ginshiƙin abin shi ne tamostat, kuma idan mutum a can ya yi kukan hitarsa ba ta ɗumi, shi ake fara dubawa. A nan ne maganarsa ta haɗu da tawa.

Na tafi Magazin ta Suame, unguwar makanikai a Kumasi, wurin wani dattijon masta da ya yi wa mahaifina gyaran mota tun ina ɗan makaranta, na gaya masa abin da ya faru. Bai zagi wanda ya cire ƙarfen ba, ya ce abin da ya tarar ana yi ke nan shi ma. Ya aiki yaro ya sayo sabon tamostat, ya sa aka ɗora tukunyar ruwa a kan kurfoti, ya ɗaura ƙarfen da waya ya saka ciki ba tare da ya taɓa gindin tukunyar ba, ya ce in zuba ido. A jikin ƙarfen an buga lamba 82, ya ce wasu injunan 88 ake sa musu. Ruwan yana ɗumi ƙarfen yana rufe, har sai da ya fara ƙananan kumfa, sai na ga bakinsa ya ɗaga a hankali, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe gaba ɗaya, da aka tsamo shi iska ta buge shi ya koma ya rufe. Ya ce, “Alhaji, ka gani da idonka. Kaki ne a cikinsa, idan ya ji zafi ya kumbura ya tura ƙofar. Ba ruwansa da Turai ko Asante, ruwan injinka kawai yake saurare.” Na ce, “Baba, to me ya sa motar ta tafasa a Kejetia?” Ya haska tocila cikin bakin lagireton ya nuna mini tsatsa da farin dutse da suka toshe ƙananan bututun, sannan ya juya fankar da hannu ya nuna mini yadda take juyawa sakaka, alamar man da ke cikin kulocinta ya tsiyaye.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya tsaya a kansa. An ƙera injin ne ya yi aiki a tsakanin digiri 80 da 95 ko ina yake a duniya, kuma a wannan zafin ne fistin da ringi ke kumbura su cika silinda daidai, baƙin mai ya yi kaurin da aka tsara masa, raɓar da ke taruwa cikin kwandon mai ta ƙafe ta fita. Ranar da ta fi kowace zafi a Navrongo da ke arewacin Gana ba ta wuce digiri arba'in da 'yan kai, wato har a tsakiyar bazara iskar waje ta gaza zafin da injin ke so da kusan rabi. Idan babu tamostat, ruwa yana zagayawa cikin lagireto tun daga daƙiƙar farko, injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, a doguwar hanya da dare kuma ba zai taɓa kaiwa ba. Inji mai sanyi ya fi shan mai, ya fi hayaƙi, ringinsa ya fi saurin cinyewa, kuma tun da lalacewar a hankali take zuwa, mai motar ba ya danganta ta da ƙarfen da aka cire shekara biyu baya, sai ya ce injin ne ya tsufa. Baba ya ƙara da wani abu da ban taɓa ji ba: a injuna da yawa tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire shi wannan hanya tana zama a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewaye lagireton, motar da aka cire wa tamostat don kada ta tafasa sai ta tafasa a hawan tudu da kaya.

Ban ɗauki makanikanmu a matsayin jahilai ba, kuma ba zan yarda a faɗi haka a gabana ba, domin a Magazin na ga mutanen da ke rayar da injin da masu shi na farko suka yanke wa ƙauna. Al'adar cire tamostat tana da tushe. Tamostat yana iya mutuwa a rufe, idan kuwa ya mutu a rufe a tsakiyar daji, inji zai tafasa cikin mintoci ya ƙona gasket, kuma cire shi a wannan hali domin a isa gari dabara ce mai kyau. A da can samun sabo nagari yana da wuya, jabu ya yi yawa, mai mota kuma yana son a sallame shi yau da kuɗi kaɗan. Kuskuren shi ne maganin gaggawa ya zama ƙa'ida, har aka ƙirƙiro masa hujjar cewa ƙarfen na ƙasar sanyi ne. Mu masu motoci muna da namu alhakin, domin mu ne muke murna idan muka ga allura a ƙasa, mu ɗauka lafiya ce, alhali mazauninta na gaskiya tsakiya ne.

Da aka zo kan hitar cikin gida sai aka tarar da matsala ta biyu. Hitar ƙaramin lagireto ce da ke ɓoye bayan dashbod, tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ke tsakanin inji da mazaunin direba, ɗaya ya kai mata ruwan zafi ɗaya ya dawo da shi, fanka kuma ta hura iska ta cikinta zuwa ƙafafu ko gilashi. Baba ya koya mini gwajin da kowa zai iya yi da hannunsa bayan inji ya yi zafi, da kula kada ya ƙone. Idan tiyo biyun duk ɗumi-ɗumi ne kawai, injin ne bai yi zafi ba ko ruwa ya yi ƙasa. Idan ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, hitar ta toshe ko iska ta maƙale a cikinta. Idan duka biyun da zafi amma iskar da ke fitowa da sanyi, ƙofar da ke karkatar da iska ce ba ta motsi, sau da yawa wayar maɓallin ce ta zame. A tawa ɗaya ya yi zafi ɗaya ya ƙi, saboda shekarun da aka yi ana zuba mata ruwan rijiya da na famfo sun cika ta da laka. Ya cire tiyo biyun ya tura ruwa ta baya a hankali har jan ruwan ya koma fari. Ya ce na yi sa'a, domin a motoci da yawa idan hitar ta fara yoyo sai a haɗe tiyo biyun da juna a manta da ita, alhali ko a Kumasi tana da amfani, ita ce ke share hazon gilashin gaba a safiyar damina, lokacin da direbobi ke tuƙi da tsumma a hannu ɗaya.

Daga ranar na daina zuba ruwa zalla. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan, wanda mutane ke cewa na hana daskarewa ne don haka ba namu ba ne, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma wannan ne amfaninsa a gare mu. Gaurayen rabi da rabi yana jure sanyi har digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ya dami ƙanena ke nan, amma kuma yana ɗaga matakin tafasa, idan murfin lagireto na riƙe matsi yadda ya kamata ruwan ba zai tafasa ba sai ya haura digiri 120. Guba ne mai zaƙi a baki, saboda haka a ɓoye shi daga yara da dabbobi, kada kuma a juye shi cikin robar lemo. An wanke lagireton, an sauya kulocin fanka da murfi, an ɗaura tamostat da ɗan ramin fitar iskarsa yana kallon sama, an cika ruwa a hankali da maɓallin hita a buɗe har kumfa ta daina fitowa. Da aka gwada fulogin hita huɗun da waya daga batir, biyu ne suka yi ja, biyu sun mutu, aka sauya su duka.

Akwai abubuwa biyu da na gani a tashoshin arewa da sanyin asuba waɗanda nake roƙon 'yan'uwana direbobi su bari. Na farko shi ne fesa maganin sauro ko turare, ko kanga tsumma mai fetur a bakin mashigar iska domin mota ta kama. Idan wannan tururi ya tarar da fulogin hita yana ja, yana iya fashewa tun fistin bai kai sama ba, ya karya ringi ko ya dawo da wuta fuskar mai fesawa, kuma kuɗin fulogi huɗu bai kai kuɗin buɗe inji ba. Na biyu ya fi muni, shi ne shigar da kurfoti mai garwashi cikin mota a rufe gilashi domin a ji ɗumi, ko kwana a mota da inji a kunne cikin rufaffen wuri. Garwashi da salansa duk suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke sa mutum barci ya wuce daga nan. Ƙanena ya ce a can ma ana gargaɗin mutane su share dusar ƙanƙara daga bakin salansa kafin su zauna cikin mota tana silo, saboda wannan iskar.

A hunturun da ya biyo baya na sake ɗaukar kawu zuwa Bolgatanga da goro, mun tashi a irin lokacin da muka tashi a wancan karo. Kafin mu kai Offinso allura ta hau tsakiya ta tsaya, ba ta ƙara motsi ba a gangare ko a hawa har ƙarshen tafiyar. Da muka wuce Kintampo na murɗa maɓallin zuwa ja, na sa fankar a mataki na ɗaya, na karkatar da iskar zuwa ƙafafu, na kuma bar gilashina a ɗan buɗe domin kada ɗumin ya sa ni gyangyaɗi. A wajen Buipe na waiwaya na ga kawu ya sauke mayafin zuwa cinyarsa, carbi a hannunsa, barci ya ɗauke shi, sai a Tamale na taɓa kafaɗarsa na ce, “Kawu, an kira salla.”